Daga Murhu Zuwa Mita: Tarihin Tattalin Wuta a Gidajen Gwandu da Kalgo

Bahaushe bai wahalar da kansa wajen neman sabon suna ba sa'ad da lantarki ya shigo ƙasarsa. Abin da ke ci a murhu wuta ne, abin da ke bin waya ya haska ɗaki shi ma wuta ne, har gobe kuwa "an kawo wuta" da "an ɗauke wuta" muke cewa. Wannan gamin suna ya yi mana rana a nan, domin maƙasudin wannan 'yar maƙala shi ne a bi diddigin yadda gidajen Gwandu da Kalgo, garuruwa biyu na masarautar Gwandu a Jihar Kebbi, suka riƙa samun wutar nan iri biyu, da yadda suka yi tattalinta, da lokacin da suka sake, da kuma abin da ya dawo da su kan hanya. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, duk lokacin da mai kunna wuta shi ne mai jin zafin samo ta, to, ana tattali ba sai an yi wa kowa wa'azi ba. Da zarar an raba waɗannan biyun kuwa, wani ya biya wani ya kunna, sai ɓarna ta sami ƙofar shiga.

Zamanin da Wuta Ke Zuwa a Ka

Gwandu ba baƙon gari ba ne ga ɗalibin tarihi. Nan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da jama'arsa suka sauka a 1805, nan kuma ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna yana riƙe da yammacin daular har rasuwarsa a 1829, hubbarensa ma yana cikin garin. Kalgo kuwa tana kudu da Birnin Kebbi a kan hanyar Jega, dab da fadama, kuma hakiminta shi ke riƙe da sarautar Sarkin Gobir. Wani abin sha'awa shi ne, littattafan Malam Abdullahi da dama sunansu da kalmar Larabci mai nufin haske ya fara, kamar Liya'ul Hukkami da ya rubuta a Kano, da tafsirinsa Liya'ut Ta'wili. An kuwa yi su ne a zamanin da in rana ta faɗi ba wani haske sai na farin wata, da wutar kara, da 'yar fitilar kasko.

Ita wannan fitila ba wani abu ba ce illa ƙaramin kasko na yumɓu ko na ƙarfe, a zuba man gyaɗa ko man kaɗe, a murza abawa a yi lagwani. To, a lura, man nan abinci ne. Wanda aka zuba a fitila an rage shi ne daga miya, kuma matar da ta sha wahalar soya gyaɗa da matsa ta ita ce mai zuba shi. Saboda haka ba a kunna ta sai da dalili: a ci tuwo, a duba shimfiɗa saboda kunama, malam ya yi nazari, sannan a hure. Sauran al'amura kuwa rana da wata ke tsara su. Saƙa da ɗinki da rubutun allo na rana ne, gaɗa da wasan dandali na daren farin wata, tatsuniya ba ta bukatar komai sai baki da kunne. Almajirai ma, kowa ya kawo nasa kara ko kirare, a tara a hura wuta guda, a kewaye ta, kowa ya karkata allonsa wajen haske. Wuta ɗaya, masu karatu ashirin ko fiye.

Itacen girki kuwa, ko icce kamar yadda mutanen wajen ke faɗi, a ka yake zuwa, kan mata da yara da bayi. Ba kuma kullum daji ke shiguwa ba. Baturen nan matafiyi ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya sauka Gwandu a watan Mayu 1853, zamanin Sarki Halilu, ya yaba albasa da ayabar kwarin garin, amma ya tarar ana zaman ɗar-ɗar saboda yaƙin Kabawa da ya tashi tun 1849 ƙarƙashin Yakubu Nabame, har nisa da ganuwa ya zama kasada. Mai karatu ya auna da kansa darajar damin itace a garin da fita bayan gari ke iya zama sanadin rasa rai ko 'yanci.

Daga irin wannan hali ne ƙa'idojin madafi suka fito, kuma sun cancanci a tsaya a kansu, domin ilmi ne cikakke ko da yake ba a rubuta shi a littafi ba. Da farko dai ba a barin wuta ta mutu gaba ɗaya, domin ƙyasta sabuwa aiki ne. Akan binne bakin wuta cikin toka ya kwana, in kuwa ya mutu a aiki yarinya da sakaina ta ɗebo garwashi a maƙwabta. In an sauke tuwo, sai a janye itacen da bai cinye ba a turbuɗa shi cikin ƙasa don gobe, a ɗora tukunyar ruwa ko ta miya a kan sauran garwashin kada zafinsa ya tafi a banza. Kowane makamashi da aikinsa: kara da totuwa na abin da ke son wuta mai sauri, kamar kunu ko ruwan zafi, itace mai nauyi irin su marke na doguwar dahuwa, kamar wake ko kalwar daddawa da ke kwana a kan wuta, ƙirya kuwa akan bar wa maƙera su yi gawayi. Busasshen kashin shanun da Fulani suka bari a gona bayan girbi shi ma yana shiga murhu. Wake a jiƙa shi ko a jefa masa 'yar kanwa don ya yi saurin nuna. Tokar ma ba a zubarwa, akwai ruwan toka na miya, akwai sabulu, saura a kai gona.

Har tsarin cin abinci kansa tattali ne. Babban girki sau ɗaya ne, da dare. Da safe ɗumame, wanda 'yan kirare sun ishe shi. Da rana fura, wadda in an dafa ta an kirɓa ba ta ƙara neman wuta. Sama da duka kuma akwai gandu: uba da 'ya'yansa da matansu suna ci daga tukunya guda, matan suna karɓar girki bi da bi. Babbar tukunya ɗaya ta mutum 30 ba ta cin itacen da ƙanana 6 na mutum biyar-biyar za su ci, domin kowane murhu da nasa zafin da yake zubarwa a iska. Watsewar gandu, wadda masana zaman jama'a suka fi kallo ta fuskar noma da gado, ta ninka yawan murahu a gari fiye da yadda yawan bakuna ya ninku.

Maganin zafi kuwa gini ne ya ɗauke shi. Katangar ƙasa mai kauri da rufin soro ko na ciyawa suna jinkirta shigar zafin rana, da bazara a kwana a tsakar gida, ruwan sha yana cikin randa a inuwa.

Kananzir, Kwano da Nepa

Bayan zuwan Turawa a 1903 hedkwatar masarautar ta koma Birnin Kebbi, ko da yake sunan Sarkin Gwandu bai sake ba. Kamfanonin ciniki suka shigo da ashana da fitilar ƙwai da kananzir a cikin garwa mai galan 4, kayan suka riƙa ratsa ƙauyuka ta manyan kasuwanni irin ta Jega. Garwar nan in ta ƙare ita ce ta koma hannun masu sayar da ruwa, gwangwanin da aka yar kuma maƙera suka mai da shi aci-balbal. Wannan ne karo na farko da hasken gida ya zama abin saye da kuɗi, wato ya fita daga hannun uwargida ya koma aljihun maigida. Amma da yake da kwalba ake awonsa, kuma kuɗin haraji na jira, tattali bai gushe ba. Kowane yaro ya san a goge ƙwan fitila, a datse lagwani, a rage shi in za a kwanta.

Babban canji daga kudu ya taso. An gina madatsar Kainji a kan kogin Kwara tsakanin 1964 da 1968, aka kai ƙarfinta megawat 760, aka kuma tashi mutane fiye da 40,000 na ƙasashen Yawuri da Busa daga gidajensu don ruwa ya sami wurin kwanciya. Yana da kyau mutumin Kebbi ya riƙa tuna cewa wutar da yake kunnawa 'yan'uwansa na Yawuri sun biya wani kaso na kuɗinta da gonakinsu. A 1972 aka kafa Nepa. Aka ja babban layi daga Kainji zuwa Birnin Kebbi, daga nan wani ya nufi Sakkwato, wani kuma ya tsallaka Yamai ta Jamhuriyar Nijar a 1976, ƙananan layuka suka bi baya zuwa garuruwa irin su Kalgo da Gwandu. Wannan ya zo daidai da hauhawar kuɗin man fetur a duniya bayan 1973, da ƙarin albashin Udoji da ma'aikata suka karɓa a 1975. Rediyo da fanka da firiji da risho suka shiga gidajen masu albashi da 'yan kasuwa. A 1980 aka buɗe matatar mai ta Kaduna, gwamnati kuma ta riƙe farashin fetur da kananzir a ƙasa da tallafi.

Abu biyu suka faru a wannan zamani da har yanzu muke biyan bashinsu. Na farko gini ne. Bulo da rufin kwano suka zama alamar arziki, aka rushe soraye, aka yi ɗakunan da in rana ta take ba mai iya zama cikinsu sai da fanka. Wato an mayar da sanyin da katanga ke bayarwa kyauta ya zama abin saye kowane wata. Na biyu shi ne bil na ƙiyasi. Gidan da ba shi da mita, ko yake da ita ba a zuwa karantawa, kuɗin da za a rubuto masa ɗaya ne ko ya kashe ƙwai ko ya bar shi. Daga nan muka sami ƙwan ƙofar shago mai ci da tsakar rana, da al'adar barin makunni a buɗe don a san lokacin da aka kawo wuta, da kalmar nan ta "ai ta gwamnati ce". Akan zargi jama'a da sakaci a kan wannan, ni kuwa ban ga sakaci ba. Jikar matar da ke binne bakin wuta a toka ba ta fi kakarta wauta ba. An dai sa ta a tsarin da tattali ba ya sayo mata ko ƙwayar gero.

Madafi kuwa bai taɓa rabuwa da itace ba, sai a gidaje ƙalilan. Abin da ya sake shi ne nisan dajin. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa, gonaki sun ci saura, jama'a ta ƙaru, itacen da ake ɗaukowa a ka ya koma na jaki, na jaki ya koma na mota, ya zama abin saye kamar gishiri. Masana ba su yi barci ba. A 1982 aka kafa Cibiyar Binciken Makamashi a Jami'ar Sakkwato, wadda yanzu ake kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta ƙera ingantattun murahu na yumɓu da na'urorin dafuwa da shanya masu aiki da rana. A Nijar ma cikin shekarun 1980 aka fito da murhun ƙarfe mai suna Mai Sauƙi. Hujjarsu mai ƙarfi ce, domin awo ya sha nuna cewa murhu mai duwatsu uku, in yana fili iska na kaɗa shi, abin da ke isa tukunya daga zafin itacen bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. Duk da haka duwatsu uku ba su kau ba. Dalili ɗaya na aiki ne: tuƙin tuwon gida guda yana son tukunya ta zauna daram, kuma duwatsu suna karɓar kowace irin tukunya, babba ko ƙarama. Ɗaya dalilin kuwa shi ne wanda muka faro da shi. Mai shan hayaƙi daban, mai riƙe da kuɗin sayen sabon murhu daban.

A gwada wannan da abin da ya faru a 1994, lokacin da yajin aikin ma'aikatan mai ya sa kananzir ya ɓace. Ba hukumar da ta yi shela, ba wanda ya raba takarda, amma cikin ɗan lokaci murhun gwangwani mai cin ɗusar katako ya bazu a ƙasar nan, jama'a suka laƙaba masa sunan Abacha, sunan da har yau wasu ke kiran murhun gawayi da shi.

Da Kuɗi Ya Dawo

Nepa ta zama PHCN a 2005, a watan Nuwamba 2013 kuma aka fara miƙa rarraba wuta ga 'yan kasuwa, Kebbi da Sakkwato da Zamfara suka faɗa ƙarƙashin kamfanin da ke Kaduna. A watan Janairu 2016 aka janye tallafin kananzir, farashin hukuma ya tashi daga naira 50 zuwa 83 a lita, daga baya ya yi ta hawa har risho ya koma ƙarƙashin gado a gidaje da yawa. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye na fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. A watan Satumba 2023 gobara ta kama babbar tashar wuta ta Birnin Kebbi, jihohi uku suka shiga duhu. A watan Afrilu 2024 aka ɗaga kuɗin yunit zuwa naira 225 ga layukan da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana. Sai ga mita mai kati, wadda Bahaushe ya raɗa wa suna iya kuɗinka iya shagalinka. Wannan suna kaɗai ya isa sharhi: mai kunnawa da mai biya sun sake haɗuwa.

To, amma tattalin lantarki ya bambanta da na itace ta wuri guda. Itace ana ganin ƙarewarsa da ido, lantarki kuwa sai da lissafi. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa guda. Gidan da ke da tsofaffin ƙwayaye 5 masu wat 60, yana kunna su awa 6 kullum, zai sha yunit 54 a wata, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na wannan zafi ne ba haske ba. In ya sauya su da fararen ƙwayayen zamani da ake kira LED masu wat 9, hasken bai ragu ba, amma abin da zai sha yunit 8 ne da 'yan kai. Sai dai kada a tsaya kan ƙwai, domin ɓarawon kati na gaskiya shi ne duk abin da ke yin zafi. Hitar dafa ruwa mai wat 1,000, in ta yi awa guda, ta cinye abin da ƙwai mai wat 9 zai ci cikin awa 111. Haka dutsen guga, haka murhun lantarki. Wanda ke bin yara da faɗa a kan ƙwan bayi alhali hita na tafasa bokitin wanka tun asuba, ya tsare ƙofa ne ya bar katanga a rushe. A tara guga a yi ta sau ɗaya, a ajiye ruwan wanka a baƙin bokiti a rana, a janye firiji daga jikin bango da inda rana ke bugu, a duba robar ƙofarsa, kada a sa masa abinci da zafinsa.

Janareta kuwa ita ce wuta mafi tsada da talaka ke saye. Litar fetur tana ɗauke da zafin da ya kai yunit 9, amma ƙaramin injin nan na ƙofar shago da ƙyar yake mayar da kashi ɗaya cikin biyar ya zama lantarki. Ke nan in lita tana naira 1,000, kowane yunit ya haura naira 500, kafin a yi maganar baƙin mai da gyara. Tayar da shi don ƙwai biyu da cajin waya, aikin da ƙaramin faifan sola da batir zai yi, hasara ce tsagwaronta. A nan ya kamata a tuna cewa hayaƙinsa, da na gawayin da ake shiga ɗaki da shi da hunturu, suna ɗauke da iska mai guba marar wari da ke kashe mutane cikin barci.

Duk da haka, a gidan Gwandu ko Kalgo na yau da kullum, makamashin da ke ƙonewa a madafi ya fi na kowane ɗaki nesa ba kusa ba, kuma nan ne gyara ya fi araha. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, wuta sai ta ƙone ruwan kafin ta waiwayi tukunya, don haka a faskara a shanya tun kafin damina. A kewaye duwatsun murhu da 'yar katangar laka a bar ƙofa ɗaya ta itace, wannan ba ya cin ko kwabo. A rufe tukunya, in ta tafasa a janye itace, domin ruwan da ke tafasa ba ya ƙara zafi komai yawan wutar da aka zuga masa. Wake ko shinkafa in sun tafasa sosai ana iya sauke tukunyar a rufe, a cusa ta cikin kwandon da aka cika da tsummoki ko ɓuntu, su ƙarasa nuna da zafin jikinsu. Mai risho ko gas ya kula da launin harshen wuta, shuɗi shi ne daidai, ja ko rawaya alamar mai na tafiya a hayaƙi ne. Gawayi yana da tsabta a gida, amma a daji ya fi itace ɓarna, domin yadda ake toya shi a rami sai an ƙone kilo 5 na itace ko fiye kafin a sami kilo guda. Sanyaya kayan miya ma ba lalle sai firiji ba: Malam Mohammed Bah Abba na Jihar Jigawa ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da randa ta daɗe tana aiki da irinta.

Akwai kuma makamashin da yankin ke da shi jibge wanda kakanni ba su samu da wannan yawa ba. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015, noman rani ya bunƙasa a fadamun jihar, injinan casa suka yawaita. Kowane buhun shanshera mai kilo 100 yana barin ɓuntu wajen kilo 20, ana tara shi tsibi-tsibi a bayan injin, wani lokaci a cinna masa wuta don a sami wuri. A gefe guda kuma matan da ke turara shinkafa suna sayen itace da tsada don su tafasa manyan tukwane. Ɓuntu ba ya ci a murhun duwatsu uku, turnuƙewa yake yi, sai an danƙare shi a cikin gwangwani ko rabin duro an bar rami a tsakiya da wata ƙofa a gindi inda iska za ta ratsa, wato dai ginin murhun Abacha na 1994, wanda kowane maƙerin kasuwar Kalgo ko Gwandu zai iya bugawa.